A Rubuta Ƙa'idar Ba Manya 'Yan Sanda

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ni akawu ne, mutumin Sanyinna ta ƙasar Tambuwal. Ran nan na tafi ɗaurin aure, sai ga wani mai hali ya iso da 'yan sanda shida. Ɗaya na riƙe da jakarsa, ɗaya na buɗe masa mota, sauran suna ture talakawa. Ba shi da sarauta, ba shi da muƙamin Gwamnati, kuɗi ne kurum. A makon nan kuwa baffana ya kwana uku yana neman wanda zai bi sawun shanunsa da ɓarayi suka kora, aka ce masa babu mutane. To, jama'a, ina mutanen suka tafi? Ai ga su can riƙe da jaka.

Hukuma ta san da wannan. A 2018 Mike Okiro, shugaban hukumar kula da aikin 'yan sanda a lokacin, ya ce fiye da 'yan sanda 150,000 suna gadin manya da waɗanda ba su cancanta ba. Shugaba Buhari ya ce a janye su a 2015. Aka sake faɗin haka a 2018, aka kuma a 2020. Ran 23 ga Nuwamba, 2025, kwana shida bayan an sace 'yan mata 25 a makarantar Maga ta Jihar Kebbi, maƙwabtanmu, Shugaba Tinubu ya sake ba da umurnin, ya ce mai son gadi ya nemi 'yan Sibil Difens. Babban Sufeton 'Yan Sanda ya ce an janye 11,566.

Madalla. Amma umurnin da aka yi ta maimaitawa shekara goma, ai alama ce ba ya zama. In ƙura ta lafa, kowa sai ya lallaɓa ya komo da nasa.

Iyayenmu sun ba mu labarin zamanin En'e. Dogarai ke tsaron Sarki, 'yan doka kuwa suna kasuwa da kan hanya, kowa ya san aikinsa. Ba na cewa zamanin nan ba shi da aibu, amma wannan rabo hikima ne.

Mu akawuna mun san abin da ba a rubuta ba, ba a iya bin sawunsa. Saboda haka ga shawarata. A rubuta muƙaman da suka cancanci gadi, kamar Gwamna da manyan alƙalai, a buga kowa ya karanta. A yanka wa kowane adadi. A sa wa'adi, ran da mutum ya sauka daga muƙami ran nan 'yan sanda su koma bariki. Wanda aka gani ya ɗora wa ɗan sanda jaka, a karɓe nasa. Waɗanda aka janye kuma a faɗi garuruwan da aka kai su, don mu mutanen Tambuwal da Kebbe mu ƙirga rabonmu.

Albashin ɗan sanda daga dukiyar jama'a yake fita, har da ta baffana. Allah ya sa manya su ji. Wassalam.

Naka,
Wani akawu, Sanyinna.