Baƙon Gawo

In damina ta ɗauke, wajen watan Oktoba, gawo ya soma fid da sabon ganye, akwai wani ɗan tsuntsu da kan sauka ƙasarmu ba tare da kowa ya yi masa maraba ba. Bai kai gwara girma ba, nauyinsa kamar giram 9 ne kurum. Bayansa toka-toka ne mai sirkin kore, cikinsa fari da ɗan rawaya, da wani farin layi bisa ido kamar gira. Turawa na ce da shi wilo-wabla. Waɗanda ke zuwa mana a Turai su ke ƙyanƙyasa, su ƙetare teku da Sahara, galibi da dare su ke tafiya.

To, jama'a, wahalar ita ce yana da ɗan'uwa, cifcaf, wanda shi ma ya kan yi rani a nan arewa, kamanninsu kuwa sai ka ce an tsaga kara. Da na kai yara bakin fadama don darasin halitta, sai wani ya zaro danƙo, wai a harbo shi a duba a hannu. Na hana. Tsuntsun da ya ƙetare hamada bai cancanci tsakuwar yaro ba, balle ma gawarsa ba za ta faɗa maka rabin abin da mai rai zai faɗa ba.

Ga yadda na ke koya musu. Ku zauna a inuwa, rana tana bayanku, ku fara duban ƙafa. Ta wilo-wabla fara-fara ce mai ɗan ja, ta cifcaf baƙa. Fiffiken na farko ya fi tsawo, don tafiyarsa ta fi nisa. Cifcaf kuwa ba ya barin wutsiyarsa ta huta, kullum yana buga ta ƙasa sa'ad da ya ke tsince ƙwari cikin ganye. In kun ga sun zo garke, kansu toka, cikinsu rawaya sosai, ku bar su, waɗannan 'yan ƙasa ne, ba baƙi ba.

Amma duk alamun nan su kan ruɗi ido, musamman cikin hazon hunturu, har ƙafar ma wani lokaci ta kan saɓa. Kunne ne alƙali. Wajen watan Maris, in sun kusa komawa, su kan soma waƙa. Ta wilo-wabla tana farowa sama, ta gangaro sannu sannu har ta narke, kamar ruwa na zuba daga buta. Cifcaf ba shi da wannan fasaha, sunansa kaɗai ya ke maimaitawa, cif-caf, cif-caf, sai ka ce maƙeri na dukan ƙarfe daga nesa.

Da kunnen nan ne wani limamin Kirista na Ingila, Gilbert White, ya rarrabe su. A zamaninsa a kan haɗa su wuri guda, shi kuwa ya yi ta saurare a ƙauyensa na Selborne har ya tabbata iri uku ne, ya bayyana cikin littafinsa na 1789. Na ukun shi ya fi son kurmin kudu, mu sai dai ya ratsa ta kanmu. In Afrilu ta ƙare, ko kun kwana gindin gawo ba za ku ji ɗayansu ba, sai wata shekara.