Agadas, Inda Tsohon Gini Ba Ya Zaman Banza

Tun daga nesa matafiyi ke hango hasumiyar babban masallacin Agadas: ginin ƙasa zalla, tsawonta mita 27, itatuwa sun tsittsiro mata ta kowane gefe domin masu yaɓe su taka. An kafa masallacin wajen shekarar 1515, aka sake gina hasumiyar a 1844. Sai dai abin da ya fi ɗaukar hankalina yana daura da ita.

Fada ce da aka gina wa Kawsan, jagoran Abzinawan da suka yi wa sojojin Faransa ƙawanya a garin daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917, da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama. Yau ita ce Hôtel de l'Aïr. Babban zaurenta ya zama ɗakin cin abinci. Na zauna ciki da tsakar rana, waje kamar a gasa gurasa, amma ciki sanyi ƙalau saboda kaurin bango. Ginshiƙan ƙasa jibga-jibga ne ke riƙe da rufin, bakan gizo ya tashi daga wannan ya sauka kan wancan. Da la'asar sakaliya na hau soro, ga hasumiya dab da ni, ga rufin tsohon gari shimfiɗe, duk launin jar ƙasa.

Cikin lungunan garin aka kai ni gidan da Heinrich Barth, Bajamushen da kakanninmu suka sani da Abdulkarim, ya sauka a Oktoba 1850 kafin ya wuce Katsina da Kano. Yanzu ɗan gidan tarihi ne. Akwai kuma gidan mai burodi, wanda aka ƙawata bangonsa da zane, inda mai shirya fina-finai Bertolucci ya ɗauki wani sashe na fim ɗinsa na 1990.

A 2013 UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya. Amma ba takarda ke riƙe ginin ƙasa ba, mutane ne. Gidan da ake shiga ana fita, shi ake gyara wa indararo, a yi masa yaɓe kafin damina. Wanda aka garƙame kuwa, ruwa kaɗan ke kai shi ƙasa. Kano ta gane haka da ta mayar da Gidan Makama gidan tarihi. Sauran tsofaffin gidajenmu na Katsina da Zariya da Damagaram ma, mu nema musu aikin yi tun ba su rushe ba.