Allurar HPV da matar da aka riga aka yi wa magani

Tun da Nijeriya ta shigar da allurar HPV cikin jerin rigakafinta a watan Oktoban 2023, kuma ta iso Zamfara a watan Mayun 2024, maganar 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kaɗai ake yi. Hakan daidai ne, domin kafin ƙwayar ta shiga jiki allurar ke da cikakken tasiri. Sai dai akwai matan da ba a cika tunawa da su ba, waɗanda aka duba bakin mahaifarsu aka ga tabon da ke gabatar sankara, aka ƙone shi ko aka yanke.

Ƙanwata da ke aure a Bakura na cikinsu. Da ta warware sai ta kira ni, ta ce, "Yaya, in aka yi mini allurar nan ta yara, ai na huta da zuwa Gusau ko?" Tambayar ta yi mini nauyi, don na san dalilinta: kuɗin mota, da fargabar hanya wadda duk mai fita daga Maradun ko Talata Mafara ya san ɗacinta.

Amsar ita ce a'a. Allurar ba ta kashe ƙwayar da ta riga ta zauna a jiki, ba ta kuma warkar da tabo. Aikinta shi ne hana sabon kamu, musamman daga nau'i na 16 da na 18, masu haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa. Wasu bincike a Turai sun ga alamar cewa yin ta bayan magani na iya rage dawowar tabon, wasu kuma ba su ga bambanci mai yawa ba. Don haka wadda likitanta ya ba ta shawara, kuma tana da hali, ta yi. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sake duba mace shekara guda bayan magani, ko ta yi allura ko ba ta yi ba.

Wannan dubawa ta biyu ita ce ke damuna. Tabon ba ya ciwo, ba ya zubar da jini, yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ya rikiɗe. Matar da ke jin garau, ga shinkafa na jiran girbi a Bakolori, da wuya ta bar gida don abin da ba ta gani. A shekarar 2020 cutar ta kama mata kimanin 12,000 a ƙasar nan, ta kashe kusan 8,000, kuma galibi sai ta yi nisa ake kai su asibiti.

A ganina, maimakon mata su riƙa farautar allura mai tsada, gara a kawo musu awon kusa. Ruwan kal da fitila da ma'aikaciyar da aka horar sun isa a fara, kuma kasuwar Talata na tara matan ƙauyukan nan kowane mako. A ba kowace mace kati mai ranar komawa, a kira ta a waya idan lokaci ya yi.

Ƙanwar tawa dai ta kai 'yarta mai shekara 11 an yi mata allurar kyauta. Ita kuma ranar komawarta na bayan Babbar Sallah, na kuma ɗauki nauyin kuɗin motar.