Mabai: A Bar Shigar Rawa A Gida

Duk ɗan birnin da ya nufi Mabai, a ƙaramar hukumar Ƙanƙara ta Jihar Katsina, to ya bar shigar rawar finafinai a gida. Daga ƙasar Sarkin Pauwa har Faskari da Sabuwa, sutura ce ke yi wa baƙo sallama kafin bakinsa.

Namiji kaftani da hula sun ishe shi. Ya tuɓe takalmi a ƙofar zauren mai gari, ya durƙusa ya gaida dattawa. Mace kuwa zane da kallabi, ta ɗora mayafi. Wandon jins da matsattsiyar riga? Tabɗi! Yara ma sai sun biyo ta.

Amma zancen ya wuce na kunya. Yankin ya sha wuya a hannun 'yan bindiga, waɗanda suka sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara cikin Disamba 2020. Baƙon da ya rufe fuska da rawani, ko ya sa kaya irin na soja, yana iya firgita gari, har 'yan sintiri su tare shi. Shigar mutunci, fuska a buɗe, ita ce fasfonsa.