Kanarin Telan Agege

Duk wanda ya saba bin layin da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Agege da sassafe, kafin 'yan goro su kwance huhunansu, ya san shagon wani dattijon tela mutumin Zariya. Hannunsa na da kyau wajen aikin wuyan riga, amma abin da ya fitar da sunansa a unguwar shi ne wani keji da ke rataye a bakin ƙofa, da kanarin da ke ciki, wanda kan soma kuka tun ana sallame sallar asuba, ya yi ta yi har ƙarar motoci ta danne shi. Mutanen Arewa masu wucewa sukan rage sauri. Wani ma ya tsaya cak ya ce, "Kai, wannan ya tuna mini gida."

Hausawa sun daɗe a Agege. Goro ne ya kawo su, jirgin ƙasa kuma ya zaunar da su, tun sa'ad da layin dogo daga Ikko ya isa Kano a 1912. Shi telan yana saurayi ya biyo ayarin masu zuwa neman kuɗi, ya zo da sana'ar ɗinki da kuma son kanari, wanda ya taso da shi tun suna yara suna fere kara suna haɗa keji mai tarko a sama, su sa wani kanari a ciki ya yi ta kira har ɗan'uwansa ya faɗa. Iri biyu ya sani. Akwai mai ruwan toka da fari a ƙugu, wanda ba shi da wani kyan gani amma ya fi daɗin murya, akwai kuma mai ruwan ɗorawa a ƙirji. Kowannensu tsawonsa wajen inci 4 ne, nauyinsa kuwa wajen giram 12, watau bai fi ƙaramin goro ba. Namiji ne mai rera kuka sosai, don haka shi ake nema, kuma ba a haɗa maza biyu a keji ɗaya, sai su yi ta faɗa.

Kayan kiwon kanari ba su da yawa, ba su kuma da tsada, abin da ke ruɗin mutane ke nan. Keji ne, da 'yan sanduna biyu na sauka, da kwanon abinci, da na ruwa, da ɗan kasko na wanka, da tsohuwar takarda ta shimfiɗawa a ƙasa. Telan ya fara da kejin kara irin na gida, laimar Ikko ta ruɓar da shi cikin damina ɗaya. Daga nan ya sa wani maƙerin gwangwani ya yi masa na waya, ya auna masa da kansa da awon tela: tsawo kamu ɗaya da rabi, tsakanin waya da waya kada ya kai rabin inci, don kada tsuntsun ya zura kai ya maƙale. Ya nace a kan tsawon kwance, domin kanari ba ya tashi sama kamar hayaƙi, daga wannan gefe yake tsallakawa zuwa wancan, kuma ɗan wannan tashin shi ne iyakar abin da ya rage masa na sararin Allah. Sandunan ya sa su nesa da juna, ya kauce wa saman kwanoni saboda kashi.

Abinci kuwa gero ne wanda ba a surfa ba, da acca mai ƙaiƙayinta, daga kasuwar Mil 12 inda motocin Arewa ke sauke kaya. A Zariya mutum ya sayi tiya guda ya ajiye har shekara. A Ikko, kafin wata ya ƙare ta yi fumfuna, geron da ya yi fumfuna kuwa guba ne ga tsuntsu. Saboda haka gwangwani ɗaya yake saye, ya shanya a rana, ya zuba a kwalba mai murfi. In yana shakkar hatsin sai ya ɗebi kaɗan ya ƙulle a jiƙaƙƙen ƙyalle. In ya tsira cikin kwana uku, da ransa, in bai tsira ba ya watsa wa kajin maƙwabta. Yakan ƙara da ganyen latas ko alayyafo wanda aka wanke sarai, da ɓawon dafaffen ƙwai da aka daka, don ƙarfin ƙashi da baki.

Haka ya yi shekara huɗu da kanarinsa na fari a wannan keji, mai ruwan toka, har ranar da saƙo ya zo cewa wansa ya rasu. Tafiyar wajen kwana goma ce, don sai an yi sadakar bakwai. A shagon akwai ɗan ƙanwarsa da aka aiko masa koyon ɗinki, yaro mai hankali, ɗan shekara 14. Telan ya ce masa, "Ga gero a kwalba, ga ruwa. Ka duba shi safe da yamma." Yaron ya ce, "To, Kawu." Don tsabar son ya cika umarni, sai ya ɗauke ɗan faffaɗan kwanon da aka saba sa wa tsuntsun, ya samo gwangwanin madara mai zurfi, ya cika shi taf, wai kada abinci ya yanke.

Yaron ya duba safe da yamma kamar yadda aka ce masa. Kullum ya leƙa sai ya ga gwangwani a cike. Abin da bai sani ba, kuma ba wanda ya gaya masa, shi ne kanari ba ya haɗiye hatsi kamar kaza ko tattabara. Yakan ɗauki ƙwaya ɗaya, ya murza ta a baki, ya ci cikin, ya saki ɓawon a nan inda ya ɗauko. Kwana kaɗan sai saman gwangwanin ya zama dusa da ƙaiƙayi zalla, hatsin na can ƙasa inda ɗan bakinsa ba ya kaiwa. Ga shi kuma halittar ƙananan tsuntsaye ba ta jimre wa yunwa. Zafin jikinsu wajen digiri 41 ne, na mutum 37, abin da suka ci nan da nan ya ƙone, ba su da wurin ajiya. Yunwar yini ɗaya zuwa biyu ta isa ta kashe su. A rana ta shida kanarin ya bar kuka, ya kumbura gashi, ya sauko ƙasan keji ya tsuguna. Da gari ya waye an same shi a miƙe.

Sa'ad da telan ya komo, yaron ya tare shi da hawaye. "Kawu, wallahi kullum ina dubawa. Abincin bai taɓa raguwa ba." Dattijon bai ce uffan ba. Ya sa hannu ya ɗauko gwangwanin, ya kai bakin ƙofa, ya hura. Ƙaiƙayi ya tashi fuu, ya bar gero lafiyayye fiye da rabin gwangwani. Suka tsaya suna kallonsa su biyu. Can ya ce, "Share hawayenka. Shekara huɗu ina hura kwanon nan kowace safiya kana gani, ban taɓa gaya maka dalili ba. Laifina ne."

Abin ya tsaya masa a rai fiye da yadda ya zata, har ya kai maganar gaban limamin unguwa. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, tsuntsu ya mutu da yunwa a kejina. Ina da alhaki?" Liman bai yi masa dariya ba. Ya tuna masa cewa a cikin hadisai ingantattu akwai labarin ƙanen Anas ɗan Malik, wani yaro da ake kira Abu Umair, wanda yake da ɗan tsuntsu yana wasa da shi, kuma da tsuntsun ya mutu Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lallashe shi, bai tsawata masa ba. Daga nan malamai suka fahimci halaccin ajiye tsuntsu. Sa'an nan ya tuna masa ɗaya labarin, na matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abin da za ta ci ba. Ya ce kuskure ba ganganci ba ne, ya yi istigfari. Amma ya sani duk wanda ya rufe wa mai rai ƙofa, ya ɗauke masa neman abinci ya ɗora wa kansa.

Lalle nan ne nauyin yake. Tsuntsun daji in fadama ta bushe ya koma wata, in rana ta yi zafi ya shiga inuwa, in ya hangi shirwa ya ɓuya. Na keji ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai abin da mai shi ya tuna. Kuɗin gero kowa na iya biya. Tunawar kullum, har ranar da mutum ke cikin makoki ko zazzaɓi ko ɗinkin sallah, ita ce ba kowa ke iyawa ba.

Kejin ya yi fiye da shekara a wofi. Wata rana wani yaron mota ya zo da tsuntsaye fiye da ashirin cunkushe a kwando ɗaya, sun yi kwana biyu a kan hanya, waɗansu sun riga sun mutu. Kusan duk kanarin da ake sayarwa haka yake, daga daji aka kamo shi. Dā har Turai ake kai su daga Afirka ta Yamma, kafin ƙasashen Tarayyar Turai su dakatar da shigo da tsuntsayen daji a 2005 saboda murar tsuntsaye, su mai da hanin na dindindin a 2007. Telan ya zaɓi wani mai ruwan ɗorawa da ke rawar ɗari a kusurwa ya biya. Ya san sarai cewa irin wannan sayen na tausayi shi ke sa mai tarko ya sake komawa daji, bai kuma taɓa cewa ya yi daidai ba. Ya dai ce ba zai iya juya baya ya bar shi ba.

Wannan karon tare da yaron suka yi kiwon, kome aka yi sai an faɗi dalili. Kwano faffaɗa ne marar zurfi, a hura shi kowace safiya, a sa yatsa a tona a tabbatar. Ruwa a zubar a sake, ko da ya yi kama da mai tsabta. Kaskon wanka kada ruwansa ya wuce gaɓar yatsa, a kuma cire shi in an gama. Hantsi yana da amfani, ranar tsaka ba ta da shi. Wayar da aka rataye kejin da ita telan yakan shafa mata man keke, don kada cinnaka su bi ta su sauko, ya kuma nisanta kejin da bango saboda ɓera. Akwai wata ƙuma ja, ƙarama ƙwarai, mai ɓuya a tsagar keji da rana, ta fito da dare ta sha jinin tsuntsu. Dabarar gano ta ita ce a lulluɓe kejin da farin ƙyalle a kwana. In da safe an ga ɗige-ɗige ja a jikinsa, sai a fitar da tsuntsun a wanke kejin da tafasasshen ruwa. Farin ƙyalle kuwa ba ya wuya a shagon tela.

Babban abokin gaba a Ikko shi ne iska. Numfashin tsuntsu ya fi na mutum saurin ɗaukar guba, shi ya sa masu haƙar kwal a Ingila suka riƙa shiga rami da kanarin Turai, ɗan'uwan na ƙasar Hausa wanda asalinsa daga tsibiran Kanari ne, in ya faɗi su san iskar ta ɓaci su gudu. Sai a 1986 aka bar wannan al'ada aka koma ga na'ura. Gubar da suke tsoro ita ce ke fita daga janareta da garwashin dutsen guga, ba ta da wari ba ta da launi. Saboda haka in maƙwabci ya tada inji, yaron kan ɗauke kejin ya kai bayan shago. Ba a kunna maganin sauro na hayaƙi inda tsuntsun ke kwana, ba a fesa fiya-fiya. Har fiya ta ci, wadda mutanen kudu ke haɗawa da burodi, an hana kusantar da ita, don tana kashe tsuntsaye.

Kanarin ya murmure, ya yi kuka wata takwas ba fashi. Rannan sai ya yi shiru. Yaron ya ga gashi a ƙasan keji, ya tono kwano ya ga hatsi, ya sake ruwa, ya lulluɓa farin ƙyalle bai ga kome ba. Kwana uku bai iya cin abinci sosai ba, sa'an nan ya ce, "Kawu, ya sake faruwa." Dattijon ya ɗago daga kan keke, ya dubi tsuntsun yana tsalle daga sanda zuwa sanda, ya yi murmushi. Ya ce, "Wanda zai mutu ba ya hawa sama. Riga yake sakewa. Sau ɗaya a shekara suke yi, wajen mako shida zuwa takwas, kuma ba sa haɗa shi da kuka. Ƙara masa gwaiduwar dafaffen ƙwai kaɗan, ka kwashe saura kafin azahar, ka kiyaye shi daga iska."

Yaron ya riƙa ƙirga kwanakin da alli a jikin ƙofa. Masu wucewa suka yi ta tambaya ko an sayar da tsuntsun ne. A cikin mako na bakwai, da asuba, yana tsugune a bakin shago yana hura kwano, sai ya ji wata 'yar murya ƙasa-ƙasa a bisa kansa, tana farawa tana katsewa. Bai motsa ba, kwanon na hannunsa, har kawun ya komo daga masallaci ya same shi a nan.