Damagaram: daga Birni zuwa Kara-Kara

Matafiyin da ya taso daga Maraɗi ya miƙi kwaltar gabas, in ya wuce Tasawa da Takeita da Tirmini, duwatsu ne ke fara yi masa maraba. Manya-manya ne, wani bisa wani, kamar da hannu aka jera su. Tsakaninsu Damagaram take zaune, kilomita wajen 900 daga Yamai. Ita ce babban birnin Nijar a farkon mulkin Nasara, har zuwa 1926 da aka mai da kujerar gwamna bakin kogin Isa, kuma har gobe mutanenta ba su manta da wannan ba.

Baƙo na sauka, Birni ake fara kai shi. A nuna masa fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram, da sauran ganuwar da Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya kewaye garin da ita. A ba shi labarin kaftin Cazemajou, Bafaranshen da ya gamu da ajalinsa a nan cikin 1898, shekara ɗaya kafin sojan Faransa su ci garin. Daga nan sai Zango, masaukin fataken da ke ratsa hamada zuwa Tarabulus, inda attajirai suka bar gidaje masu zane a fuska. In ya dace da Alhamis, a ƙare da Kasuwar Dole. A hanya zai ga tituna da gine-ginen da aka yi domin bukin 18 ga Disamba na 2018, wanda aka yi wa laƙabi da Zinder Sabuwa. Yawancin baƙi a nan ziyararsu ke ƙarewa.

Amma akwai wata unguwa a gefen gari, cikin duwatsu, wadda ba a cika kai baƙo ba. Sunanta Kara-Kara. Asalinta matsugunin kutare ne, waɗanda aka janye daga cikin jama'a a zamanin da ake gudun cutar kamar wuta. Sannu a hankali makafi da guragu suka iske su, sa'an nan duk wanda kuɗin haya ya gagara a cikin gari, da wanda fari ya kora daga ƙauye. Cutar kuwa tuni aka ci ƙarfinta. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magungunan da ke warkar da ita cikin wata 6 zuwa 12, kuma tun 1995 kyauta ake ba da su. Ƙyamar ce ba a samo wa magani ba. Ta bar iyaye ta koma kan ƴaƴa da jikoki waɗanda ba su taɓa yin ciwon ba.

Wanda ya tsaya bakin unguwar da sassafe zai ga ayari biyu na yara. Na farko sun rataya jaka, ko sun riƙe kaye da allo cikin leda, sun nufi lakwal. Na biyu su ma sun yi sammako, amma hanyarsu daban. Wata yarinya tana jan makahon kakanta da sanda zuwa ƙofar masallaci. Wani yaro yana tura keken gurgu zuwa tasha. Wasu sun ɗauki bido sun tafi neman ruwa, wasu sun bi yayyensu wurin fasa dutse, inda ake sayar da tsakuwa ga masu gini. Shekarunsu ɗaya da na ayarin farko, wani lokaci ma ɗaki ɗaya suka kwana.

Dokar ƙasa ba ta bambanta su ba. Dokar tsarin ilimi ta 1 ga Yuni 1998 ta ce gwamnati ta lamunce wa kowane yaro karatu daga shekara 4 zuwa 18, kuma lakwal ta gwamnati ba ta karɓar kuɗin karatu. To, me ke hana su? Na farko takarda. Yaron da aka haifa cikin bukka, ba a asibiti ba, sau da yawa ba a kai sunansa ofishin magajin gari. In lokacin rajista ya wuce, sai an bi ta kotu da shaidu kafin a samu takardar haihuwa, uban da ke neman abin sawa a baki kuwa ba ya da ranar da zai ɓatar a ƙofar alƙali. Mushe na iya karɓar yaron don tausayi, amma ran da aka ce a kawo takardu domin jarrabawa, nan tafiyarsa ke tsayawa.

Na biyu lissafi ne, wanda kowane ɗan kasuwa zai gane. Yarinyar da ke ja-gora ita ce jarin gidan. In ta zauna cikin kalas daga safe zuwa azahar, babu mai kai tsohon bakin masallaci, dala ashirin ɗin da za a auno gero da ita ta tafi. Ga kaye, ga biro, ga kuɗin ƙungiyar iyayen yara, waɗanda ma'aikaci ba ya ko jin fitarsu, amma ga wannan gida tuwon dare ne. Na uku ruwa. Damagaram bisa dutse take, ruwanta daga nesa ake jawo shi, daga wurare irin su Gogo da Arunguza. In bazara ta kai, famfo ya ƙafe, mai hali ya sayi na ƴan ga-ruwa, marar hali ya tashi ƴaƴansa da asuba su bi layi. Yaron da ya raba dare a bakin famfo, gyangyaɗi zai yi a gaban allo.

Na huɗu, kuma mafi nauyi, wurin kwana. A cikin gari akwai iyalan da ke zaune cikin kangon mutane da sunan gadi. Ran da mai fili ya samu kuɗin suminti, sai su kwashe tabarmi su koma wani kango a wata unguwa, yaro ya bar kalas a tsakiyar shekara, babu mai tambayar inda ya shiga. Akwai kuma waɗanda ba su da ko kangon. In dare ya yi, a rumfunan kasuwa da tasha da zaurukan mutane, za a iske yara kwance bisa kwali, wasunsu almajirai ne da malam ya kawo daga karkara ba ya da abin ciyar da su, wasu kuwa gudowa suka yi daga gida. Cikin sanyin hunturu sukan hura wuta da leda da tsumma su kewaye ta. Yaron da bai san inda zai kwana gobe ba, ina zai ajiye kaye?

Wanda ya tsallake duka waɗannan, sau da yawa kalas ta kara ce ke jiransa. Ana buɗe lakwal a farkon Oktoba, amma rumfa ba ta tsayuwa sai an gama girbi an samu kara, kuma ruwan farko na sauka take watsewa. Shekarar ɗan talaka ta fi ta ɗan mai hali gajarta ta kai da ta gindi. Ga kuma haɗarin wuta. A watan Afrilu 2021 gobara ta kashe yara aƙalla 20 cikin irin waɗannan rumfuna a unguwar Pays-Bas ta Yamai, a watan Nuwamba na shekarar kuma ta kashe aƙalla 25 a Maraɗi. A lokacin hukumomi sun ƙiyasta kalas-kalas na kara a faɗin ƙasa sun kai 36,000.

Yaran ayari na biyu ba sa tabbata yara. Daga cikin irinsu ne gungun samarin da ake kira pale suka fito, waɗanda suka daɗe suna hana mutanen Damagaram barci da faɗan adda da ƙwace. A 2021 Aïcha Macky, ƴar garin, ta fitar da fim mai suna Zinder, inda ta shiga Kara-Kara ta bar samarin suka faɗi nasu da bakinsu: masu ɗaga ƙarfe, masu fasa dutse, masu kabu-kabu, masu shigo da man fetur daga Nijeriya ta ɓarauniyar hanya. Wannan sana'a ta ƙarshe ma ta yi rauni tun da Nijeriya ta janye tallafin mai a 2023. Matatar SORAZ da aka buɗe a 2011 tana nan arewa da gari, amma mai neman aiki a can da takarda yake zuwa.

Ciwon bai tsaya a unguwa ɗaya ba. A kudu, yankin Kance ya yi suna wajen mata da ke kwasar yara zuwa bara a ƙasashen waje. A Oktoba 2013 an tsinci gawar mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara ne. A Maris 2022 gwamnati ta maido da sama da mutum 1,000 daga titunan Dakar cikin jirgi, da yawansu yara. Kowane ɗaya cikinsu gurbi ne da babu kowa a wata kalas.

Maganin wani sashe na wannan ciwo bai fi ƙarfin mutanen gari ba. Kotun tafi-da-gidanka da ke zuwa unguwa ta yi wa yara takardar haihuwa kyauta an sha yin ta a ƙasar nan, ana iya mai da ita al'adar kowace shekara kafin Oktoba. Ma'aikacin da ke rajista yana iya ɗaukar littafinsa ya je inda ake haihuwar. Darektan lakwal yana iya neman yaron da ya ɓace a tsakiyar shekara kafin ya soke sunansa. Alhazan Zango da na Maraɗi, waɗanda ba su taɓa gazawa wajen gina masallaci ba, suna iya ɗaga kalas ɗaya ta bulo, ko su ɗauki nauyin koko da ƙosai na safe, domin yaron da ya san zai karya kumallo a lakwal ba ya makara. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Da yamma, in rana ta jingina bisa duwatsu, ayarin biyu sukan dawo tare ta hanya ɗaya. Yarinyar nan ta zaunar da kakanta a ƙofar gida, ta juye abin da aka samu a tafin uwarta, sa'an nan ta matsa kusa da ƴar maƙwabta da ke bitar karatu, tana leƙen allonta kafin duhu ya rufe.