Cok da makashin inji: abin da mai injin ban ruwa ya kamata ya sani

In kana da injin ban ruwa, ko janareta, ko ƙaramin injin markaɗe, to zancen nan naka ne. A nan ƙasar Sae Sabuwa waɗannan injuna sun yawaita. Da an gama girbin gero, samarinmu da dama suna gangarawa fadamar Gulbin Maraɗi, wajen Tibiri da Gidan Runji, su yi noman rani. Albasa da tumatir ba su san inji ya ƙi tashi ba. Kwana biyu babu ruwa, sai shuka ta kwanta, kuɗin iri da na taki su bi iska. Na daɗe ina duba injunan maƙwabta, kuma abin da na fi gani yana ɓata su shi ne ƴan abubuwa biyu da ke jikinsu: cok da makashi.

Mu fara da cok. Inji ba fetur zalla yake ci ba. Fetur ne gauraye da iska, kuma iskar ta fi yawa nesa: in an auna nauyi, kusan kashi 15 na iska ne ga kashi 1 na fetur. Wurin da ake gauraya su shi ne kabireta. A bakin kabireta akwai ɗan faifan ƙarfe mai juyawa kamar ƙyauren ɗaki. Wannan shi ne cok. In ka rufe shi, iska ba ta samun hanya sosai, sai inji ya zuƙo fetur da yawa.

Me ya sa ake son haka? Domin inji mai sanyi ba ya mai da fetur tururi da kyau. Fetur ɗin yana laƙewa a jikin ƙarfe mai sanyi, kaɗan ne ke isa wurin wuta. Shi ya sa da asubahin Disamba ko Janairu, lokacin hunturu, sai ka rufe cok kafin ka ja igiya. Da inji ya kama, ka buɗe shi rabi. Ya ɗan yi ɗumi, ka buɗe shi duka. A watan Afrilu kuwa, lokacin bazara, sau da yawa ja ɗaya ko biyu ya isa, ka buɗe. In kuma inji ya riga ya yi zafi, ka kashe shi don ka matsar da tiyo, kada ka taɓa cok sam. In ka rufe, fetur zai jiƙa buji, wanda mutanen Najeriya ke ce wa fulogi, ka yi ta ja har kafaɗa ta gaji. In haka ta faru, ka buɗe cok, ka dakata kaɗan, ka sake ja. In ya ƙi, ka kwance buji ka goge shi ya bushe.

Wanda ya bar cok a rufe yana aiki, zai ga baƙin hayaƙi. Wannan hayaƙin kuɗinsa ne ke tashi sama. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a shekarar 2023, kowa ya ji yadda kwalbar fetur ta bakin hanya ta hau. Ba asarar fetur kaɗai ba ce. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke baƙin mai daga jikin fistin, ya gangara ya tsinka man da ke ƙasa. Sannu a hankali inji ya cinye kansa.

Ga wani abu da nake so ka riƙe. Akwai injin da ba ya aiki sai an bar cok rabi a rufe. Da an buɗe, sai ya yi ta shessheƙa ya mutu. Wasu sukan ce ai halinsa ke nan, har su ɗaure cok ɗin da zare. Ni ban yarda ba. Inji ba jaki ba ne da zai yi hali. Cikin kabireta akwai ɗan rami siriri kamar kafar allura inda fetur ke bi, kuma datti ya toshe shi. Man kwalba yakan zo da ƙura, wani sa'i har da ruwa. Ka kai wa makanike ya wanke kabireta, ka kuma riƙa tace fetur da tsumma mai tsabta kafin ka zuba.

Yanzu makashi. Waɗannan ƙananan injuna ba su da batir. To daga ina wuta ke zuwa? A bayan inda kake jan igiya akwai faifan ƙarfe mai nauyi, da maganaɗisu a jikinsa. Duk juyi ɗaya, maganaɗisu ya wuce ta gaban kwayil, kwayil ya aika wuta zuwa buji. Muddin faifan yana juyawa, inji yana yi wa kansa wuta. Aikin makashi shi ne ya karkatar da wutar nan zuwa jikin inji, kamar yadda kake fasa kunya ruwa ya bi wata hanya. Buji bai samu ba, inji ya tsaya. A tsofaffin injuna ma babu maɓalli. Ɗan ƙarfe ne kawai kusa da buji, ka danna shi ya taɓa kan buji. A Amurka, tsofaffin injunan yanke ciyawa na kamfanin Briggs & Stratton suna da sanda ɗaya mai aiki duka: ka tura ta ƙarshe ta rufe cok, ka dawo da ita tsakiya inji ya yi gudu, ka kai ta ɗaya ƙarshen ta kashe.

Siririyar waya ɗaya ce ke wannan aiki. In ta tsinke ko ta zare, ka murɗa makashi inji ya ƙi mutuwa. In kuma rigarta ta goge tana taɓa jikin inji, to kullum a kashe yake, ba zai tashi ba ko da buji sabo ne. Na ga mutane sun sayi buji har uku, alhali ɓera ne ya ci wayar cikin ɗakin ajiya lokacin damina. Injunan Honda GX, waɗanda aka fara yi a 1983, da ire-irensu na ƙasar Sin, da yawa suna da abin da ke kashe wuta ta wannan hanyar in baƙin mai ya yi ƙasa. Kada ka bari a cire maka shi don inji ya tashi. Ka ƙara mai.

In inji ya ƙi mutuwa, kada ka fizge hular buji da hannu, wutar tana fizgar mutum, balle kana tsaye cikin laka. Kada kuma ka saba kashe shi da cok, domin kana barin buji a jiƙe ne, gobe da safe ka sha wuya. Ka rufe famfon fetur da ke ƙarƙashin tanki, ka jira. Zai cinye abin da ya rage cikin kabireta ya tsaya da kansa. Haka ma ya kamata ka yi ranar da za ka ajiye shi in damina ta faɗi, don kada tsohon fetur ya bushe ya yi danƙo a ciki.

Babban injin niƙan gero mai shan gazuwal, shi daban ne. Ba shi da buji, ba shi da cok. Yanke masa mai ake yi ya tsaya.